Lamba Goma Ko Lamba Shida? Tarihin Tsakiyar Fili Da Gardamar Mikel Obi

Akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a gidajen kallon ƙwallo da majalisun masu shayi, daga Jos har Kano, kuma duk wanda ya kalli ƙwallo a shekarun 2000 ya taɓa jin ta. Wani zai ce Mourinho ne ya kashe John Mikel Obi, ya ɗauki yaro mai basirar raba ƙwallo ya mayar da shi mai gadi. Wani kuma ya ce ai da ba don Mourinho ba, da Mikel bai yi shekara goma da rabi a Chelsea ba. Mun ga ana tayar da jijiyar wuya a kan wannan magana har a manta da wasan da aka biya kuɗi don a kalla. Tambayar da ke ƙarƙashinta kuwa tsohuwa ce, ta girmi Mikel da Mourinho baki ɗaya: a ina ya fi dacewa a ajiye ɗan wasan tsakiya?

Masu cewa an kashe shi suna da hujja, kuma hujjar tana Holan. A 2005 aka yi gasar kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a can, Samson Siasia yana horar da Najeriya. Mikel, haifaffen Jos da ya taso ta Plateau United, shi ne ke juya wasan ƙungiyar daga bayan 'yan gaba. Najeriya ta kai wasan ƙarshe, Ajantina ta ci ta 2-1, kuma duka ƙwallayen biyu Lionel Messi ne ya ci su da fenareti. Da aka zo raba kyauta, Messi ya karɓi ta gwarzon gasa, Mikel ya zo na biyu, Taye Taiwo na uku. Wanda ya ga wannan gasa, sannan ya ga Mikel ya buga wa Chelsea wasa 372 ya ci ƙwallo 6 kacal, ba za a ga laifinsa ba idan ransa ya sosu.

Sai dai kafin mu yanke wa kowa hukunci, ya kamata mu san cewa ita kanta tsakiyar fili ba haka aka same ta ba.

Daga ƙarshen ƙarni na 19 har zuwa shekarun 1920, tsarin da kusan kowa ke bi a Ingila shi ne 2-3-5: masu tsaron baya biyu, uku a tsakiya, biyar a gaba. Na tsakiyar waɗannan ukun shi ne uban tafiya. Shi ke ƙwace ƙwallo, shi ke raba ta, shi ke bin 'yan gaba idan an kai hari. Wato aikin da yau muke rabawa tsakanin mutum uku, a da a kan mutum ɗaya yake. A 1925 aka sauya dokar satar gida. Da, sai akwai 'yan hamayya uku tsakanin mai kai hari da layin raga kafin a ce bai yi satar gida ba, sai aka mayar da su biyu. Nan take raga ta buɗe. A babban rukunin Ingila an ci ƙwallo 1,192 a kakar 1924/25, a kakar da ta biyo baya aka ci 1,703. A watan Oktoba na 1925 Newcastle ta lallasa Arsenal 7-0, kuma bayan wannan kunya ne koci Herbert Chapman da ɗan wasansa Charlie Buchan suka tsaya a kan cewa dole wannan na tsakiyar ya koma baya ya tsare ɗan gaban abokan hamayya. Da ya koma, sai tsakiya ta zama fili fetal, don haka aka janyo biyu daga cikin 'yan gaba biyar ɗin suka dawo baya kaɗan. Tsarin da ya fito daga nan shi ake kira WM, domin idan ka kalli tsayuwar 'yan wasan daga sama, siffar waɗannan haruffa biyu za ka gani. Alex James, ɗan Sikotlan, ya zama mai ƙulla wasan Arsenal daga wannan sabon gurbi, ƙungiyar kuma ta ci kofin lig a 1931 da 1933 da 1934 da 1935.

A nan lambobin da muke gardama da su suka samo asali. Da aka fara liƙa lamba a riga, daga gola aka fara ƙirgawa bisa tsohon tsarin: 2 da 3 masu tsaron baya, 4 da 5 da 6 'yan tsakiya, 7 zuwa 11 'yan gaba. Lamba 5 ya koma baya ya zama mai tsaron gida. Lamba 8 da lamba 10 kuwa asalinsu 'yan gaba ne da aka janyo. Saboda haka idan muka ce wane lamba goma ne, muna nufin ɗan gaban da ya sauko, idan muka ce lamba shida, muna nufin ɗan tsakiya na asali da aka bar wa aikin share fage. (Mu masu rubutu da Hausa kalma ɗaya muke da ita, ɗan wasan tsakiya, muna ɗora ta a kan Makelele muna ɗora ta a kan Okocha, alhali sana'arsu ba ɗaya ba ce. Yaran unguwa da ke cewa shida da takwas da goma sun fi mu fayyace magana, kuma bai kamata mu ji kunyar aron nasu ba.)

Abin da ya biyo baya ba sai mun daɗe a kansa ba. A Nuwamba 1953 Hungari ta je Wembley ta ci Ingila 6-3, da Nandor Hidegkuti sanye da lamba 9 amma yana saukowa tsakiya, mai tsaronsa ya rasa ko ya bi shi ko ya tsaya, shi kuwa ya ci uku. Burazil ta ɗauki kofin duniya a 1958 da mutum biyu kacal a tsakiya, Zito mai aikin ƙarfi da Didi mai raba ƙwallo, zuwa 1962 kuma Zagallo yana saukowa daga gefen hagu ya zama na uku. Kusan duk wani babban sauyi a tarihin tsarin wasa, idan ka bi diddiginsa, za ka tarar an ƙara mutum ne a tsakiya.

Wanda ya shafi Mikel kai tsaye shi ne Claude Makelele. A Real Madrid yake, yana yi wa su Zidane da Figo da Ronaldo aikin da ba a tafa wa mai yin sa. A 2003 ƙungiyar ta sayo David Beckham, ta sayar da Makelele ga Chelsea, kuma ba ta sake ɗaukar kofin lig na Sifaniya ba sai 2007. Da Mourinho ya zo Chelsea a 2004, yawancin ƙungiyoyin Ingila da 4-4-2 suke wasa, wato mutum biyu a tsakiya. Shi sai ya zuba uku, ya dasa Makelele a gaban masu tsaron baya. Lissafin mai sauƙi ne: biyunku za su riƙe biyunmu, na ukunmu ba mai riƙe shi. Idan ɗayanku ya taso masa, ya bar Frank Lampard a sake. A kakar 2004/05 Chelsea ta tara maki 95, aka zura mata ƙwallo 15 kawai a wasa 38. Har yau Turawa da sunan Makelele suke kiran wannan gurbi.

Cikin wannan gida Mikel ya faɗo a 2006, bayan doguwar rigima tsakanin Manchester United da Chelsea da ƙungiyar Lyn ta Oslo, wadda ta ƙare da Chelsea ta biya fam miliyan 16, United ta karɓi 12, Lyn ta karɓi 4. Yaro ne ɗan shekara 19. A gabansa akwai Lampard, akwai Michael Essien na Gana, ga Michael Ballack shi ma ya iso a shekarar. Tsarin ƙungiyar ma ba shi da gurbin lamba goma. Ƙofa ɗaya ce ke shirin buɗewa, ta Makelele, wanda ya haura shekara 33, kuma ya tafi PSG a 2008. Ga shi Mikel yana da jiki, idan ya juya wa mutum baya da ƙwallo sai dai a yi masa ƙeta, ba ya ruɗewa ko an taso masa mutum biyu. Gudu kuma ba ya cikin baiwarsa. Kowane koci ya dubi waɗannan abubuwa, abin da Mourinho ya yi shi zai yi tunanin yi.

To amma akwai mutum biyu da ke hana mu rufe maganar a nan.

Na farko Andrea Pirlo. Shi ma lamba goma ne da farko, kuma bai samu wuri a Inter ba. A 2001 aka ba da aronsa ga Brescia, inda Roberto Baggio ke riƙe da wannan gurbi, sai koci Carlo Mazzone ya mayar da shi gaban masu tsaron baya, daidai inda aka ajiye Mikel. Carlo Ancelotti ya ci gaba da hakan a AC Milan. Bambancin shi ne ba a ce wa Pirlo ya zama mai gadi ba. An kai shi can ne don ya samu sarari ya ɗaga kai ya ga fili duka, aka kuma ajiye masa Gennaro Gattuso a gefe yana yi masa faɗa. Daga wannan wuri ya ci kofin zakarun Turai a 2003 da 2007, ya ci kofin duniya da Italiya a 2006. Milan ta sake shi kyauta a 2011, ya je Juventus ya ɗauki lig sau huɗu a jere.

Na biyu Yaya Toure, wanda tasa tafiyar ta bi akasin hanya. A Barcelona mai gadi ne, har a wasan ƙarshe na zakarun Turai na 2009 a cikin masu tsaron baya aka sa shi. Sergio Busquets ya karɓe gurbin, Yaya ya koma Manchester City a 2010, Roberto Mancini ya tura shi gaba. Shi ya ci United a kusa da na ƙarshe na kofin FA a 2011, shi ya ci Stoke a na ƙarshe. A kakar 2013/14 ya ci ƙwallo 20 a Firimiya daga tsakiya, ya kuma zama gwarzon Afirka sau huɗu a jere, daga 2011 zuwa 2014. Da ya zauna a Barcelona, da yau muna cewa ai Yaya ba ya iya cin ƙwallo.

Mu a ganinmu, masu cewa a bar Mikel a lamba goma sun yi kuskure, masu cewa ba a rage shi da komai ba su ma ba su faɗi daidai ba. Gurbin da aka ba shi ya dace da jikinsa. Umarnin da aka haɗa masa da shi ne ya taƙaita shi: karɓi, kare, miƙa wa na kusa, kada ka wuce layin tsakiya. Pirlo da Mikel wuri ɗaya suka tsaya a fili, amma ɗaya an ɗauko masa mai yi masa aiki, ɗayan shi aka mayar mai yi wa wasu aiki. Kuma bayan tafiyar Mourinho a 2007 kociyoyi da yawa sun zo sun wuce a Chelsea, har da Ancelotti da kansa, babu wanda ya sauya wannan umarni, domin Lampard yana cin ƙwallo, ba wanda zai taɓa abin da ke kawo kofi. Duk da haka, wanda ya kalli wasan ƙarshe na zakarun Turai na 2012 a Munich, inda Bayern ta yini tana kai hari a gidanta Mikel yana toshe ƙofa har minti 120, ya san aikin gadin ma ba kowa ke iya shi haka ba.

A Super Eagles kuwa wata matsalar ce daban. Tun da Jay-Jay Okocha ya ajiye rigar ƙasa a 2006 muke neman magajinsa, muka kuma ɗora wa Mikel wannan nauyi. Abin da muke mantawa shi ne Okocha bai taɓa yin wasa shi kaɗai ba. A Atlanta 1996 da Faransa 1998 akwai Sunday Oliseh a bayansa, yana ƙwacewa yana jefa dogon fasin, har ya ci Sifaniya da wannan bugu mai nisa a wasan da aka tashi 3-2. Stephen Keshi ne ya fi kowa gane yadda za a yi amfani da Mikel. A gasar kofin Afirka ta 2013 a Afirka ta Kudu bai kai shi bayan ɗan gaba ba, bai kuma ɗaure shi a gaban masu tsaron baya ba. Ya haɗa shi da Ogenyi Onazi mai gudu da cizo, ya sa Sunday Mba a gabansu, ya bar Mikel ya riƙe ƙwallo ya zaɓi inda za ta. Najeriya ta ɗauki kofin, Mba ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe. A Rio 2016, da Siasia ya sake samunsa, ya matsar da shi gaba, ya ci Denmak a wasan kusa da na kusa da ƙarshe, aka dawo da tagulla bayan an ci Honduras 3-2. Sai dai gasar Olamfik ta 'yan ƙasa da shekara 23 ce, ana samun sararin da ba a samu a wasan manya.

An gwada na manyan a Rasha a 2018. A wasan farko da Kuroshiya, Gernot Rohr ya sa Mikel, yana kyaftin mai shekara 31, a lamba goma, a bayan Odion Ighalo. Ya yini yana karɓar ƙwallo da bayansa ga raga, Luka Modric da Ivan Rakitic suna juya wasa yadda suka ga dama, aka ci Najeriya 2-0. Kwana shida bayan haka, a Volgograd, Rohr ya sauya tsari zuwa masu tsaron baya uku, ya dawo da Mikel ƙasa, Wilfred Ndidi da Oghenekaro Etebo suna yi masa gudu hagu da dama, ya sa Ahmed Musa da Kelechi Iheanacho a gaba. Bayan an dawo daga hutun rabin lokaci Ahmed Musa, wanda shi ma a Jos aka haife shi, ya ci Aisilan biyu.