ZAKUNAN TSABO: YADDA NAMUN DAWA BIYU SUKA TSAYAR DA AIKIN RELUWE A 1898

Da yawanmu jikokin fatake ne, waɗanda suka riƙa ratsa Yawuri da dajin Borgu zuwa Salaga sayen goro, suna kwana a zango cikin dawa da jakunansu. Waɗansunmu kuwa jirgin ƙasa ne ya kawo iyayensu Kudu bayan da dogo ya haɗa Ikko da Kano a 1912. To, labarinmu na wannan karo ya taɓa zango ya kuma taɓa dogo, ko da yake ba a ƙasarmu ya faru ba. A ƙasar Kenya ne, inda zakuna biyu tak suka hana dubban mutane barci har wata tara.

A 1896 Turawan Ingila suka fara shimfiɗa dogo daga Mombasa, bakin teku, zuwa tafkin Biktoriya, suka ɗebo leburori kimanin 32,000 daga Indiya. Da aiki ya yi nisan mil 130 sai aka iso wani kogi da ake kira Tsabo, aka sa wani injiniyan soja, Kanar John Patterson, ya gina masa gada mai ƙarfi. Ya sauka can cikin watan Maris 1898. Wurin sarƙaƙƙiyar ƙaya ce iyakar ganinka, mutum ba ya hango abin da ke taku goma gabansa.

Bai daɗe da zuwa ba aka ce lebura ɗaya ko biyu sun ɓace da dare. Da fari bai yarda zaki ne ba, ya zaci abokan kwanansu ne suka kashe su don kuɗin da suka tara. Sai da aka fizge wani shugaban leburori, Ungan Singh, daga tantin da yake kwance tare da mutanensa, suna ji suna gani, sannan ya bi sawu da safe ya tarar da abin da ya rage. Sawun ya nuna zakuna biyu ne. Dukansu maza ne, amma ba su da geza, don haka yawancin zakunan wannan yanki suke.

Abin da ya fara ba zakunan nan dama shi ne yadda aka yi zango. An warwatsa sansanin leburori a kan tsawon kusan mil takwas, wannan ƙungiya nan, waccan can. Kanar ya hau itace da bindiga kusa da inda aka ɗauki mutum jiya, ya kwana yana jira, can tsakar dare sai ya jiwo kururuwa daga wani sansani mai nisa. Sa'ad da mutum dubu biyu zuwa uku suke wurin, kowa yana cewa ai ba a kaina za ta faɗa ba. Da masu shimfiɗa dogo suka yi gaba aka bar 'yan ɗaruruwa masu ginin gada, sannan ido ya raina fata.

Aka kewaye kowane sansani da shingen ƙaya mai kauri, aka hura wuta har asuba, aka rataya garewani a itace mai gadi yana jan igiya suna ƙara. Duk da haka zakunan suka riƙa tsallake shingen, ko su sami inda ya yi rauni su kutsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A asibitin sansani akwai wani mai ɗebo ruwa da ya kwanta kansa na tsakiyar tanti, ƙafafunsa na taɓa gefen zanen. Zaki ya zura kai ta ƙasa ya kama ƙafar ya ja shi waje. Mutumin ya riƙe akwati, ya riƙe igiyar tanti, igiyar ta tsinke. Da ya matsa ciki kamu biyu, wataƙila da ba shi aka ɗauka ba.

Bayan watan Afrilu zakunan suka koma waɗansu sansanonin nesa, Tsabo ta sami sauƙi na 'yan watanni. Nan kuma sai sakaci ya shigo. Mutane suka ce an rabu da Bukar, waɗansu har suka koma kwana waje don shan iska. Wani dare sai ga su sun dawo, wannan karon ba sa ko jin tsoron ihu da garwashin da ake jifansu da shi, kai har ƙarar bindiga ba ta tashe su daga kan nama.

Ran 1 ga Disamba leburori suka ce sun zo yi wa gwamnati aiki ne, ba su zo zama abincin zaki ba. Ɗaruruwa suka kwanta a kan dogo suka tsayar da jirgi, suka ɗare bisa taragu, sai Mombasa. Aiki ya tsaya cik kusan mako uku. Waɗanda suka rage suka ɗaura gadajensu a kan itatuwa, waɗansu bisa tankunan ruwa da rufin ɗakuna, waɗansu suka haƙa rami cikin tanti suka rufe da gungume. Maganar har ta kai majalisar dattawan Ingila, inda Firayim Minista Lord Salisbury ya ambace ta cikin dalilan jinkirin aikin.

Kanar ya nemi taimako. Wani Di'o mai suna Whitehead ya taho, jirginsa ya yi latti, ya sauka da dare. Maimakon ya kwana a tasha sai ya kama hanyar sansani a ƙafa, sajansa Abdullahi na biye da fitila. Cikin wani kwazazzabo da aka yanka wa dogo zaki ya diro masa, ya tsaga masa baya da farce. Ya tsira da rai, amma Abdullahi aka tafi da shi. Tafiyar da ba ta kai mil ɗaya ba ta ci ran mutum, don an ƙi jiran gari ya waye.

Yanzu ga inda muke so mai karatu ya tsaya ya duba da kyau, wato abin da firgita ke yi wa mai riƙe da makami. Kanar ya riga ya ƙera wani ƙaton tarko da ƙarafan dogo da katako, ɗaki biyu, da sandunan ƙarfe a tsakani. Ɗaya na zaki, ɗaya na mutanen da za su zauna ciki a matsayin abin jawo shi. Aka sa 'yan sanda Indiyawa a ciki da bindigogi da fitila. Zaki kuwa ya shiga, ƙofa ta faɗo ta rufe. Ga shi nan gabansu, da sun miƙa bakin bindiga sai ya taɓa jikinsa. Amma da ya fara ruri yana dukan ƙarafa, sai jikinsu ya mutu na 'yan mintoci, da suka farfaɗo kuma suka buɗe wuta ko'ina. Sun harba fiye da ashirin, harsasai na wucewa ta kan su Kanar da ke can gefe daban, ɗaya ya karya sandar ƙofar tarkon, zaki ya fice abinsa da ɗan rauni kaɗan.

Shi kansa Kanar bai tsira daga kuskure ba. Ran 9 ga Disamba aka zo aka ce masa zaki ya kashe jaki yana ci a bakin kogi. Ya ɗauki wata babbar bindiga mai baki biyu da aka ara masa, wadda bai taɓa gwadawa ba. Ya sa leburori suka kewaye kurmin da ganguna da garewani, shi ya laɓe bayan suri. Zaki ya fito kamar taku goma sha biyar daga gare shi. Ya auna, ya ja kunama, sai ji ya yi ƙyas, bindiga ta ƙi tashi. Don ruɗewa har ya manta akwai baki na biyu, ya sauke ta zai sake ɗuri. Allah Ya taimake shi hayaniyar ganguna ta sa zakin ya kauce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da yamma ya kafa dirkoki huɗu kusa da mushen jakin, ya ɗora katako a tsawon ƙafa 12, ya ɗaure mushen da waya, ya hau shi kaɗai. Da dare ya yi zakin ya zo, amma ya ƙyale jakin, shi Kanar yake so. Wajen awa biyu yana kewaya dirkokin nan yana matsowa a hankali. Abin da aka kafa kuwa ba shi da ƙarfi, da ya bangaje dirka ɗaya magana ta ƙare. Ana cikin haka sai wani abu ya bugi ƙeyarsa, ya kusa faɗowa, ashe mujiya ce ta ɗauke shi reshen itace. Jama'a, a nan ne mutumin ya ci nasara, tun bai harba ba. Bai yi ihu ba, bai yi harbi cikin duhu ba, ya daure ya yi shiru har ya rarrabe siffar zakin sosai sannan ya saki wuta. Da safe aka tarar da shi matacce. Tsawonsa daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya ƙafa 9 da inci 8, sai da mutum takwas suka ɗauke shi.

Na biyun sai ran 29 ga Disamba. Shi ma ya kusa tafiya da Kanar. An harbe shi daga kan itace, da gari ya waye aka bi jini, aka sake harbinsa ya faɗi. Kanar ya miƙa hannu baya a ba shi ɗaya bindigar, ashe mai riƙe da ita ya riga ya haye itace da ita, ga zaki ya taso. Dole shi ma ya ruga ya kama reshe, abin da ya cece shi harsashi ya riga ya karya wa zakin ƙafar baya. Da ya sake harbi ya ga ya kwanta, sai ya yi gaggawar saukowa ya matsa kusa, zakin ya kuma tasowa, sai da aka ƙara masa biyu. Gada dai ta ƙaru cikin Fabrairu 1899, dogo ya isa bakin tafki a 1901.

Ba a yi shekara biyu ba aka sake wani darasin a tashar Kima, gaba da Tsabo. Cikin Yuni 1900 wani zaki ya addabi ma'aikatan tashar, sai shugaban 'yan sandan reluwe, Charles Ryall, ya sa aka ajiye taragunsa a gefe don ya harbe shi. Yana tare da baƙi biyu, Bajamushe Huebner da Ba'italiye Parenti. Suka kwanta, shi ya ɗauki gadi, ya zauna kusa da taga, ƙofa ba a kulle ba. Barci ɓarawo ne. Zakin ya ture ƙofar ya shiga, ya taka Parenti da ke kwance ƙasa, ya ɗauki Ryall ya fita da shi ta taga. Mafarauci ya zo da bindiga, da bango kewaye da shi, ya tafi a kan rashin abokin hira da rashin sa sakata.

Mutum nawa zakunan Tsabo suka ci? A littafin da Kanar ya fitar a 1907 ya ce Indiyawa 28, ban da 'yan ƙasa da ba a ƙidaya ba. Daga baya ya ce 135. Ya sayar da fatun da ƙoƙunan kai ga wani gidan tarihi a Shikago ta Amurka a 1924 kan dala 5,000, suna can har yau. A 2009 masana suka auna ƙashi da gashinsu suka ƙiyasta kimanin mutum 35, na farkon wajen 24, na biyun wajen 11. An kuma ga na farkon yana da karyayyen fiƙa da ƙurji a gindinsa, abin da zai wahalar da shi wajen kama ɓauna. Ga shi ciwon bushiya, wanda ya share shanun ƙasarmu ma a farkon shekarun 1890, ya rage ɓauna da sauran namun da zaki ke ci. Ga ayarin bayi da hauren giwa da suka daɗe suna bin wannan hanya suna yar da gawa a daji. Wato kafin zaki ya shiga tanti, an riga an koya masa ɗanɗanon mutum. A 2024 aka binciki gashin da ya maƙale cikin haƙoransu, aka sami na raƙumin dawa, da jakin dawa, da gwambaza, da na ɗan Adam.

In muka ɗora wannan labari kan abin da tsofaffi ke faɗa mana na fatauci, sai mu ga dalilin tsarinsu. Jagaba na gaba, madugu ke faɗin inda za a sauka, uban dawaki na kula da zango, ana sauka da sauran rana, a tara kaya da dabbobi wuri guda, ba mai ware kansa. Abin da aka rasa a Tsabo ke nan. 'Yan uwanmu masu fita farauta da rani, da masu bin shanu, da direbobin da mota kan lalace musu a dawa, su riƙe wannan: a sauka kafin duhu, a kwana tare nesa da gefen shinge, gadi mutum biyu-biyu, kada a bar mushe ko ragowar nama kusa da makwanci, makami kuma a gwada shi tun a gida. Wanda ya yi arba da zaki kada ya ba shi baya ya ruga, don gudu ke sa shi bi. A fuskance shi, a haɗu wuri ɗaya, a ja da baya sannu. Dabbar da aka harba kuwa, ba a matsa mata don ta kwanta.

Zakin ƙasashenmu ma ya kusa ƙarewa. Ƙidayar da aka fitar a 2014 ta sami kimanin 400 a duk Afirka ta Yamma, yawancinsu a gandun da ya haɗa Benin da Nijar da Burkina Faso, kusa da tsohuwar hanyar Gwanja. A Nijeriya 'yan kaɗan aka samu a gandun Kainji da Yankari, inda doka ta hana farauta. Wanda ya je can ya je kallo, ya bi maganar ma'aikatan gandu, ya zauna cikin mota.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya, amin.