Mu'ujizojin Warkarwa a Tsofaffin Hotunan Bugu na Turai

Tun ƙarni na 15 masu zane a Turai ke sassaƙa labaran Littafi Mai Tsarki a kan katako ko farantin jan ƙarfe, su shafa tawada, su danna a takarda. Faranti guda kan haifar da hotuna masu yawa, saboda haka labarin makaho da gurgu ya shiga gidajen da ba su da kuɗin sayen zanen fenti. A 1513 Albrecht Dürer na Nuremberg ya fitar da Bitrus da Yahaya suna warkar da gurgu a ƙofar Haikali. Lucas van Leyden na Holan kuwa ya riga shi da tashin Li'azaru daga kabari.

Wanda ya kai wannan fanni ƙololuwa shi ne Rembrandt (1606–1669). Yakan rufe farantin da kaki, ya zana da allura, ruwan asid ya ci layukan, sannan ya koma ya karce ƙarfen kai tsaye domin baƙin ya yi kauri. Wajen 1649 ya gama aikin da ake kira Hoton Gilda Ɗari (gilda kuɗin Holan ne a lokacin), saboda tsadarsa tun yana raye. Sura ta 19 ta Linjilar Matiyu ce ya tattara a takarda ɗaya. A hagu Farisiyawa na gardama, da 'yan layuka kawai ya zana su. Ƙarfin aikin yana dama, inda marasa lafiya ke fitowa daga duhu: wani an turo shi kwance a baro, wata mata na shimfiɗe a tabarma kusa da ƙafafun Yesu, wani tsoho ana riƙe da hannunsa, raƙumi na tsaye can a bakin ƙofa. Ba wanda ya warke tukuna. Jiran ne Rembrandt ya zana, kuma duk wanda ya taɓa jinyar nasa zai gane waɗannan fuskoki.

Farantin bai yi kyakkyawan ƙarshe ba. Wajen 1775 Kyaftin William Baillie, ɗan Ayalan, ya same shi ya suɗe, ya sake sassaƙa shi, ya buga kwafi 100, daga bisani ya yanka shi gida huɗu. Ɓarna ce babba. Bugun asali na nan a Rijksmuseum da ke Amsterdam da British Museum da ke Landan.