Struct

Struct hanya ce ta haɗa bayanai masu alaƙa da juna a ƙarƙashin suna guda a rubutun manhajar kwamfuta. Bambancinsa da jeri shi ne, jeri iri ɗaya kawai yake ɗauka, shi kuwa struct yana riƙe rubutu da lamba a wuri guda.

Tarihi

Harshen COBOL, wanda aka tsara a 1959, ya fara yaɗa wannan dabara, sai Pascal na Niklaus Wirth a 1970. Dennis Ritchie ya ƙirƙiro harshen C a Bell Labs da ke Amurka, kuma shigar struct cikinsa ta taimaka aka sake rubuta ginshiƙin Unix da C a 1973. Harsunan C++, Go da Rust duk suna amfani da shi.

Yadda ake ayyana shi

Mai son adana bayanan manoma a Zakka, cikin ƙaramar hukumar Safana, zai iya rubuta wannan da harshen C:

struct manomi {
  char suna[40];
  int buhunan_gero;
  float fadin_gona;
};

Wannan fasali ne kawai. Kwamfuta ba ta ware gurbi sai an rubuta struct manomi m. Daga nan ana kaiwa ga kowane ɓangare da ɗigo, kamar m.buhunan_gero = 12. Idan adireshin m ke hannu, alamar -> ake sawa a maimakon ɗigo.

Amfani

Bayanan mutum ɗaya ba sa warwatsewa, kuma ana iya miƙa su gaba ɗaya ga wani sashen manhaja.