Gidan Madaki na Kafin Madaki

A garin Kafin Madaki, hedikwatar ƙaramar hukumar Ganjuwa da ke arewa da birnin Bauchi, akwai wani tsohon gidan ƙasa da aka gina wajen shekarar 1860, wanda ake danganta aikinsa ga Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wato maginin da ya gina masallacin Juma'a na Zariya. Gwanintar ginin tana cikin rufin soron, inda aka tayar da bakan gizo, wato ginshiƙai masu lanƙwasa da ake ɗaurawa da azara, itacen giginya da aka tsaga wanda gara ba ta cinsa da sauƙi, sannan a lulluɓe su da yumɓu har su haɗu a tsakiya su ɗauki nauyin rufin.

Tun a 1956 aka sanya gidan cikin kayan tarihi na ƙasa, amma doka ita kaɗai ba ta tsayar da katangar tubali, domin ginin ƙasa yana bukatar yaɓe bayan kowace damina, da gyaran indararo don kada ruwa ya kwanta a bisa rufi, ga shi kuwa magina masu wannan sani suna ta raguwa tun da siminti ya mamaye karkara.