Tsanin Kalmomi: Daga Isaguji Zuwa ImageNet

Kowane rago dabba ne, amma ba kowace dabba ce rago ba. Ma'anar "rago" tana ƙarƙashin "dabba", ita kuma tana ƙarƙashin "mai rai". Masana harshe suna kiran wannan dangantaka haifonimi, sunan da John Lyons ya yaɗa a shekarun 1960. Sunan ne sabo, tsanin kuwa ya daɗe.

A ƙarni na 3 Miladiyya, Furfuriyus, masanin falsafa ɗan birnin Taya, ya rubuta gabatarwa ga manɗiƙin Aristotal mai suna Isagoge. A ciki ya nuna yadda ake saukowa mataki-mataki daga babban rukuni zuwa ƙarami: jiki, mai rai, dabba, mutum. Aka fassara littafin zuwa Larabci, sannan a ƙarni na 13 Al-Abhari ya rubuta nasa Isaguji. Wanda ya karanta manɗiƙi a zaure ya san kalmomin nan biyu, jinsi da nau'i. Su ne matakin sama da na ƙasa, ko da yake yau a bakin kasuwa ba mai bambanta su.

A 1985, George Miller da abokan aikinsa a Jami'ar Princeton suka fara WordNet, ƙamusun Ingilishi na kwamfuta da ya jera sunaye bisa ƙa'ida ɗaya: wannan nau'in wancan ne. Mu masu rubuta manhaja muna son irin wannan tsari, don na'ura tana bin sa ba gardama. Shi ya sa Fei-Fei Li da tawagarta suka ari tsanin WordNet suka rataya masa hotuna, aka sami ImageNet a 2009, rumbun da ya kai hotuna sama da miliyan 14.

A kan karnuka da motoci abin ya tafi daidai. Matsalar tana reshen "mutum". A ƙamus, ba laifi ba ne "mashayi" ko "mai halin ɓera" ya zauna ƙarƙashin "mutum", don kalma kawai ake bayani. Amma da aka liƙa wa kalmomin fuskokin mutane na gaske da aka kwaso daga intanet, bayani ya koma ƙazafi. A 2019 Kate Crawford da Trevor Paglen suka tona wannan a bainar jama'a. Masu ImageNet da kansu suka tantance rukunai 2,832 na reshen, suka sami 1,593 da za su iya zama cin mutunci, suka cire su.