Daga Curin Sabulu Zuwa Shamfun Dunƙule: Tarihin Kayan Wankin Kai na Matafiya a Ƙasar Malumfashi da Funtuwa

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan an ga wani irin sabulun wankin gashi ya fara shigowa kantunan birane, wanda ake sayarwa a dunƙule maimakon a kwalba, tare da ɗan'uwansa na sanya gashi laushi. Masu tallarsa suna cewa sabon abu ne da aka ƙago domin matafiyi, tun da ba ya zuba a jaka, ba shi da nauyi. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa a ƙasar Hausa busasshen kayan wankin kai shi ne na asali, na kwalba shi ne baƙo. Za a ɗauki misali da kudancin Katsina, wato yankin Malumfashi da Funtuwa, inda noma da fatauci suka daɗe da haɗuwa.

2.0 Guzurin Bafatake

Wannan yanki, wanda masana tarihi ke kira Katsina Laka saboda yanayin ƙasarsa, ya shahara da noman auduga da dawa tun kafin zuwan Turawa. Tsofaffin garuruwansa irin su Maska da Gozaki sun yi suna, Maska kuwa musamman wajen saƙa da rini. Agalawa, waɗanda suka yi fice a fataucin goro zuwa Gwanja a ƙarni na 19, sun zauna a sassan kudancin Katsina da yammacin Kano. Tafiyar ayari takan ci watanni, kuma kowane lodin jaki lissafe yake, domin gurbin da kayan jiki suka ci gurbin haja ne. Saboda haka ƙa'idar bafatake ita ce, ban da ruwan sha na cikin salka, ba a ɗaukar abin da za a iya samu a zango. Ruwan wanka yana rafi ko rijiya. Abin da za a haɗa shi da shi ne kawai ke shiga zabira.

Kayan kuwa iri uku ne. Na farko shi ne curin sabulu. Kalmar sabulu aro ce daga Larabci, amma sana'ar ta gida ce, kuma ta mata ce. Akan ƙona karan dawa ko wasu itatuwa, a zuba tokar a tukunya mai huji, a kwarara mata ruwa, a tare abin da ya ɗiga. Wannan ruwan toka shi ake dafawa da kitse ko man kaɗe ko man gyaɗa, ana tuƙawa har ya kama jikinsa, sa'an nan a cura. Akwai kuma sabulun salo na ƙasashen kurmi, wanda Yarabawa ke yi da tokar ɓawon ayaba da man alayyadi, daga baya aka ƙara da ɓawon koko.

Na biyu shi ne ganye. Busasshen karkashi, in aka jiƙa shi, yakan saki yauƙi mai warware gashi bayan tsifa, har mataji ya bi ba tare da tsinkewa ba. Wannan shi ne aikin da man laushin gashi na zamani ke yi. Ganyen magarya ma, in aka daka aka kaɗa a ruwa, yana kumfa, kuma kowa ya san matsayinsa a wankan gawa. Na uku shi ne mai: man shanu da matan Fulani ke kawowa, da man kaɗe mai daskarewa, waɗanda ake adanawa a tandu. Ashe ke nan matafiyin dā yana da abin wankewa, da abin laushi, da abin shafawa, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ke gudana.

3.0 Zuwan Sabulun Kanti

Abin da ya fara girgiza wannan tsari shi ne jirgin ƙasa. Layin dogo da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa, ya isa Ƙaura Namoda a 1929. Ƙungiyar Turawan Ingila mai kula da noman auduga, wadda aka kafa a 1902, ta gina gidajen gurza a Funtuwa da Malumfashi, kamfanonin ciniki kuma suka buɗe kantuna. Can a kudu, kamfanin Lever Brothers ya kafu a Nijeriya a 1923, ya soma yin sabulu a Apapa, Paterson Zochonis kuma ya shiga sana'ar a Aba a 1948. Abin lura a nan shi ne, kamfanin UAC da aka kafa a 1929, wanda a wancan zamani shi ne babban mai sayen gyaɗa a Arewa, a lokacin gida ɗaya ne da Lever a ƙarƙashin Unilever. Wato hannun da ke karɓar amfanin gonar manomi da kaka shi ne ke miƙo masa sandar sabulu.

Sai dai kada a ɗora wa talla komai. Sabulun kanti yana da fifiko na gaskiya. Tokar itace sinadarin fotash ke cikinta, sabulun da aka yi da shi kuwa mai taushi ne, yana shan raɓa, har ya narke a ƙoƙo da damina. Na kanti da soda ake yin sa, shi ya sa yake da tauri, yana yankuwa, yana jure ajiya. Da sodar ta wadata a kasuwa, sai matan da ke sana'ar da yawa suka bar tace toka suka koma sabulun soda. Sana'a ta tsira, amma sanin wane kara ne ke ba da toka mai ƙarfi ya fara dushewa.

4.0 Zamanin Kwalba da Komawa Baya

Kalmar shamfu daga harshen Hindi Turawa suka aro ta, inda asalinta ke nufin tausa. Shamfu na ruwa bai daɗe ba ko a Turai: kamfanin Schwarzkopf na Jamus ne ya fito da shi a 1927, bayan ya daɗe yana sayar da na gari. Ya bazu a garuruwanmu ne tare da makarantun kwana na 'yammata da shagunan gyaran gashi. Kaso mafi yawa na abin da ke cikin kwalbar ruwa ne. Mai saye yana biyan kuɗin ruwa, yana kuma ɗaukar nauyinsa.

A ƙarshen shekarun 1980 wasu masu haɗa kayan kwalliya a Ingila, Mo Constantine da Stan Krysztal, suka cire ruwan suka matse sauran a dunƙule. Kasuwar abin ta ƙara buɗewa bayan Agustan 2006, lokacin da aka tona wani makirci na tayar da bam na ruwa a jiragen da ke tashi daga Landan, aka kafa dokar hana shiga jirgi da kwalbar da ta wuce mililita 100 a jakar hannu. Wasu filayen jirage sun sassauta, amma a mafi yawan wurare dokar tana nan. Maniyyacin da ya tashi daga Malumfashi zuwa filin jirgin Katsina ko na Kano yau yana fuskantar lissafin da kakansa ya yi sa'ad da ya bi ta Barno da Sudan da ƙafa: nauyi ƙayyadadde ne, kuma a cikin harami ana bukatar sabulu marar ƙanshi.

5.0 Kammalawa

Wajibi ne a yi hattara da cewa abubuwan biyu ɗaya ne. Sabulun toka yana da kaifin alkali, yakan busar da gashi, in kuma ruwan rijiya mai gishiri-gishiri ne sai ya bar dusa-dusa a kai. Mafi yawan shamfun dunƙule da sinadaran wanki marasa wannan kaifi ake yin su. Amma matan dā sun san wannan aibi, shi ya sa ba su raba sabulu da karkashi da mai. Hikimar tana cikin haɗin ukun ne.

Abin da ke cikin haɗari yanzu shi ne ilmin da kalmominsa. Ɗalibi nawa ne a ajinmu zai bambanta tandu da zabira? Tsofaffin da suka san tatar toka suna ƙarewa, alhali ƙasar da ke fitar da angurya da gyaɗa da karan dawa tana sayen curin sabulu daga ƙetare da tsada. Haƙƙi ne a kan ɗaliban harshe da al'adu su shiga ƙauyukan Ƙafur da Bakori da Ƙanƙara da na'urar ɗaukar magana tun masu sanin suna raye, domin da tsohuwar zuma ake magani.