Zaɓen Iri a Ƙasar Karare

Tun kafin a san cibiyoyin bincike, manomin Karare, a yankin Batsari, yana gyara irinsa da kansa, domin idan kaka ta yi yakan ware zangarniyar geron da ta fi tsawo da cikar ƙwaya, ya ɗaure ta daban ya adana a rumbu, kuma ko yunwa ta matsa ba a sussuka ta. Aikin yana da wuya, saboda iska tana kwasar bununi, wato ƙurar furen gero, daga gona zuwa gona, har a sami shibra mai kakkaɓe ƙwayarta, wadda dole a tuge ta.

Haɗa tsirrai da gangan kuwa ana danganta farkonsa da Thomas Fairchild, mai renon furanni a Landan, wanda wajen 1717 ya barbara furanni biyu mabambanta da hannunsa. Wannan dabara ta kafu a Arewa ta hanyar tashar binciken noma ta Samaru a Zariya, wadda aka buɗe a 1922, ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma irin da manoma suka daɗe suna tacewa yana cikin abin da masananta suka yi aiki da shi.